Daren Pink Floyd a Birnin Kebbi: majigi za a fara ko kiɗa?

Nura Jega: Assalamu alaikum jama'a. Ga shawarar da muke nema. Muna shirin dare guda na karrama kiɗan rock na gwaji a nan Birnin Kebbi, cikin hunturu, a harabar wata makaranta mai katanga, mutum kamar 150. Za a haska fim ɗin wasan da ƙungiyar makaɗan Ingila Pink Floyd suka yi a Pompeii, sannan makaɗanmu su hau su buga kai tsaye. Muna da mai jita biyu, mai bas, mai kibod, mai dram, kuma akwai mai goge da mai kalangu da suka ce za su shigo in ana so. Abin da ya raba kanmu: wanne za a fara, kuma shin waƙoƙin cikin fim ɗin za a buga ko wasu daban? Malam Bashir, Hajiya Rabi, Baba Ɗanjuma, a taimaka mana.

Kabiru mai jita: Wa alaikumus salam. Ni a ganina a fara da fim, sannan mu buga abin da aka gani daidai yadda yake. Karramawa ke nan. Mutum ya ga David Gilmour, mai jitarsu, ya yi, ya juyo ya ga an yi a gabansa.

Hajiya Rabi: Kabiru ƙanena, wannan ita ce hanya mafi sauri ta kashe daren. Ka duba abin da za ka yi gasa da shi. Adrian Maben ya ɗauki fim ɗin nan a watan Oktoba 1971 a tsohon filin wasan Rumawa na Pompeii a Italiya, babu ɗan kallo ko ɗaya, sai su huɗu da tulin lasifikoki da rana. An fitar da shi a 1972, kuma a 2025 aka sake gyara hotonsa, Steven Wilson ya sake haɗa sautin. Kunnen da ya gama jin wannan minti goma da suka wuce, in ka sake buga masa waƙarsu Echoes, ba sauraro zai yi ba, awo zai yi. Duk inda yatsanka ya kauce zai ji.

Kuma akwai abin da ya fi wannan. Waɗannan mutane ba su taɓa buga waƙoƙin nan iri ɗaya sau biyu ba a wancan zamani. Tsakiyar waƙa a buɗe take, kowane dare da yadda take fita. Wanda ya haddace fitar dare guda ya maimaita ta harafi da harafi ya ɗauki riga ya bar mai rigar. Abin da ake karramawa shi ne hanyar aikin: jimla gajera da ake ta maimaitawa, a bar ta ta yi nauyi, a riƙa ɗora mata sauti ana cirewa.

Kabiru mai jita: Hajiya na ji, amma in ba mu buga ko ɗaya daga cikin fim ɗin ba, me ya haɗa kiɗanmu da shi? Mutane za su ce taro biyu aka yi a waje ɗaya.

Malam Bashir Gusau: Kowanenku shina da gaskiya ta wani gefe. Abin da aka saba yi in ana son haɗin ya riƙe shi ne makaɗa su fara, fim ya biyo baya. Dalili ukku. Na farko, kunne bai riga ya ji na asali ba, don haka ba a awo. Na biyu, kayan makaɗa an riga an gwada su da la'asar, suna nan yadda anka bar su. In sunka zauna awa ɗaya da rabi cikin sanyin hunturu suna jiran fim ya ƙare, tsirkiyar jita ta saki, fatar kalangu ta canza. Na ukku, komawa daga kiɗa zuwa fim minti biyar ne, a kashe fitilun dandamali a buɗe layin kwamfuta a mikisa. Daga fim zuwa kiɗa kuwa sai an sake saita kowa, mutane su fara tashi.

Game da waƙa, ku ɗauki ɗaya tak daga cikin fim ɗin, ku yi ta da kayan da ba su yi amfani da su ba. Sauran ku ɗauko daga wajen fim ɗin.

Zainab Argungu: Malam, ina da ja kaɗan a kan tsarin. Yawancin waɗanda za su zo ba su taɓa jin irin wannan kiɗa ba. In aka fara musu da minti 40 na sauti mara baiti, ba su san inda aka dosa ba, rabinsu sun tafi kafin a kunna majigi. Fim ɗin ne yake koya wa ido yadda ake sauraro, domin kyamara tana nuna maka hannun da ya fitar da kowane sauti. Shi kansa fim ɗin ya raba Echoes gida biyu, kashi na farko a buɗewa, na biyu a rufewa. Me zai hana a bi wannan? A haska kashin farko, a tsaya, makaɗa su yi minti 30, a koma a ƙarasa fim.

Malam Bashir Gusau: Zainab, ta fuskar ɗan kallo shawararki ta fi tawa. Ta fuskar aiki tana da tsada: sauyi biyu maimakon ɗaya. Ana iya yinta in an cika sharaɗi guda, wato allo ya kasance sama da kan makaɗa ko a gefensu, kada a ɗaga komai a ajiye. Sai kuma a tambayi masu haƙƙin fim ɗin, don wasu lasisin ba su yarda a katse fim a tsakiya ba.

Sadiya: Tunda an taɓo lasisi, Yaya Nura a yi wannan tun yanzu, kada a bari sai an buga fosta. Faifan da ka saya ko wanda kake kallo ta intanet na kallon gida ne. Haska shi ga jama'a, ko kyauta ne, yana buƙatar izinin mai haƙƙi. Fitowar 2025 ta bi ta hannun Sony da Trafalgar Releasing, su ake rubuta wa, a faɗi rana, yawan kujeru da kuɗin shiga in akwai. Buga waƙoƙin kai tsaye kuma wani izini ne daban, a nan gida ake nemansa wajen ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa, MCSN. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ita ke aiki yanzu. A ba abin aƙalla wata biyu.

Sannan a zauna a kalli fim ɗin tun daga farko har ƙarshe da idon mutanenmu. Akwai wurare da yawa da makaɗan ba riga a jikinsu saboda zafi, akwai kuma wani gajeren yanki da ake sa wa kare makirufo yana kuka. Gara wanda zai ba ku wuri ya gani da idonsa kafin ranar.

Nura Jega: Na rubuta, Sadiya. Fim ɗin tsawonsa nawa ne takamaimai? Ina ganin lambobi daban-daban.

Hajiya Rabi: Don iri-iri ne. Na 1972 kusan awa ɗaya ne, kiɗa zalla. A 1974 aka ƙara masa hotunan da aka ɗauka a situdiyon Abbey Road suna aikin kundinsu The Dark Side of the Moon, da hira da cin abinci, ya kai wajen minti 80. Ga wanda ba ya jin Turanci hirar nan nauyi ce kawai. In kuna da zaɓi, na awa ɗaya ya fi dacewa da dare mai kiɗa a ciki. A fara bayan sallar isha'i, wajen 8:15, a tashi kafin 10:30.

Baba Ɗanjuma Zuru: Yarana, duk wanga tsari bisa wuta yake tsaye, bari in yi muku lissafi. Majigi wat 350. Lasifika biyu masu inci 15 masu amfilifaya a ciki, a ba su 800. Sab ɗaya, wato lasifikar sautin ƙasa, 600. Amfilifayar jita biyu, 300. Ta bas, 300. Mikisa, kwamfuta da kibod, 150. Fitilun LED takwas, 400. Kun tashi wajen wat 2,900. Janareta mai 5 kVA abin da yake bayarwa na gaskiya wat 4,000 ne, kuma ba a so a ɗora mishi fiye da kashi ukku cikin huɗu, wato 3,000. Kun ga kuna bakin gaɓa. Sab ba ya jan wuta a kwance, fizga yake yi duk bugun ganga. Wutar ta yi ƙasa, majigi ya ɗauke. Ku nemi 7.5 kVA mai AVR, na'urar daidaita ƙarfin wuta.

A aje shi aƙalla mita 30 bayan katanga, hayaƙi na bin iska ba wajen mutane ba. Kiɗan nan yana da wuraren da sauti ke yin ƙasa ƙwarai, in injin na kusa shi za a ji. Waya mai kauri 4mm in nisan ya wuce mita 30, kada a yi da 1.5mm ta kasuwa, kuma in a kan nadi take a warware ta duka, don wadda anka bari a naɗe zafi take ɗauka. Kada a dogara da wutar gari a ce in an ɗauke a juya. Tun farko a hau janareta.

Abu biyu da ake mantawa. Majigi da kwamfuta a sa su bayan UPS ko inbata, ko na minti goma ne. Majigi mai kwan fitila in wuta ta yanke mishi kwatsam fankarsa ta tsaya alhali kwan na da zafi, haka kwan ke mutuwa da wuri. Sai ƙarfen at, mai kai wutar da ta zille cikin ƙasa: a kafa sanda mita ɗaya da rabi a ƙasa, a ɗaure jikin janareta da ita, a zuba ruwa bokiti biyu a gindinta, don ƙasar hunturu busasshiya ba ta ɗaukar wuta. Mai jita da ke riƙe da tsirkiya ya kai baki ga makirufo, in ba at, shi ne hanyar wutar.

Nura Jega: Allah ya saka da alheri Baba. A raba fitilu da kayan sauti a kan layi daban ne?

Baba Ɗanjuma Zuru: Fitilu da fanka layinsu daban, eh. Amma mikisa, lasifika, kwamfuta da majigi dut su sha daga akwati guda. In kwamfuta ta sha nan, mikisa ta sha can, za ka ji gurnani na tafiya ƙarƙashin sauti, ba ya fita da rage murya.

Malam Bashir Gusau: In gurnanin ya ƙi tafiya bayan haka, cire cajar kwamfuta ka saurara. In ya ɗauke, ita ce. Maganinsa akwatin DI tsakanin kwamfuta da mikisa, a danna maɓallin da ke yanke at na layin sauti. Kada a yanke ƙafar at ta filogi, wannan shi ne abin da Baba ya gama gargaɗi a kai.

Sai batun sautin fim. A zaɓi na sitiriyo daga cikin faifan. In anka bar shi kan 5.1, tsarin lasifika shida, alhali lasifika biyu gare ku, muryar waƙa da ke layin tsakiya tana iya ɓacewa ku rasa dalili.

Sannan daidaita sauti da hoto, wanda a fim ɗin kiɗa ba a yafe shi. Majigi yana jinkirta hoto, sau da yawa milisakan 30 zuwa 80, sauti kuwa ya wuce kai tsaye ta mikisa, sai a ji bugu kafin sanda ta sauka. Amma iska ma tana jinkirta sauti, kusan milisakan 3 kowace mita, don haka wanda ke mita 15 daga lasifika ya riga ya samu jinkirin 45. Shi ya sa ba a saitawa daga gaban allo. Ka zauna a layin tsakiya, ka kunna waƙar One of These Days, inda kyamara ta daɗe a kan Nick Mason mai dram, ka bi sandarsa da ido. A manhajar kunna fim ta VLC maɓallin K yana ƙara wa sauti jinkiri 50, J yana ragewa. Sauti ya ɗan makara ya fi ya riga hoto, ido ya saba da haka.

Aminu Yauri: Bari in shigo da batun allo. Fim ɗin hotonsa kusan murabba'i ne, 4:3, ba mai faɗi ba. In kuna son hoto mai tsayin mita 3 da faɗin mita 4 a majigi na 16:9, kuna amfani da kashi uku cikin huɗu na haskensa ne kawai, mai lumen 4,000 ya koma 3,000. A duhu wannan ya isa. Nisan ajiyewa: majigin da ke buƙatar mita 1.5 kan kowace mitar faɗi, cikakken faɗinsa a wannan tsayi mita 5.3 ne, don haka a ajiye shi mita 8 daga allo. Kada a matse hoton ko a ja shi ya cika faɗi, fuskoki za su kumbura.

Ƙasan allo ya tashi mita 2 daga dandamali in makaɗa za su tsaya a ƙarƙashinsa, majigin kuma a ɗaga shi a kan tebur biyu ko tsani, kada kawuna su shiga hoto. Bangon da aka shafa wa farin fenti mara sheƙi ya fi yadi. In dole sai yadi, a sa baƙin leda ko baƙin yadi a bayansa don haske kada ya zube, a ja shi ta kusurwa huɗu da tsakiya. Yadi mai mita 12 murabba'i iskar hunturu za ta ɗauke shi da sandunansa in ba a danne ƙafafun da buhunan yashi ba. A wanke matatar iskar majigi ranar, a riƙe burushi, ƙura tana toshe ta ya yi zafi ya kashe kansa.

Kabiru mai jita: To na sauko daga batun kwafi. Wacce ɗaya za mu ɗauka daga fim ɗin, kuma yaya za a sa goge da kalangu ba tare da ya zama ado kawai ba?

Hajiya Rabi: Set the Controls for the Heart of the Sun. Jimlarta gajera ce, noti kaɗan, tana zagaye a kan E, kuma ɗanɗanonta yana cikin rabin taki daga E zuwa F. Goge ba shi da matakala a wuyansa irin na jita, yatsa ke neman sauti, don haka zai iya kama rabin takin nan, amma sai an zauna da mai gogen, domin kunnensa ya saba da sikeli mai noti biyar da ba ya bi ta nan. A ɗaure tsirkiyarsa a kan E ko B. Ya ɗauki abin da ogan Richard Wright, mai kibod ɗinsu, ke yi, a ba shi eko mai tsawo daga mikisa.

Mason da sanduna masu kan auduga ya buga ta a kan tom, gangunan jikin dram. Wannan gurbin kalangu ne, har ya fi, don kalangu yana hawa yana sauka da matsin hammata. Mai dram ya riƙe ƙasa kawai. Waƙar tana farawa a hankali, ta yi sauri har ta rikice a tsakiya, ta dawo. A ba mutum ɗaya ikon juyawa, mai bas ya fi dacewa, ya ɗaga wuyan jitarsa a matsayin alama. In ba haka ba rikicewar ba ta ƙarewa.

Kuma kada ku ɗauka haɗa wannan kiɗa da namu baƙon abu ne. Ƙungiyar Talking Heads ta Amurka sun gina kundinsu Remain in Light na 1980 a kan abin da suka koya daga Fela Kuti. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zagaya Amurka da Turai da jitarsa, kundinsa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Mu kuma da muka taso da kotson Musa Ɗanƙwairo mun san amshi da ake maimaitawa har ya zama shi ne ginin waƙar.

Malam Bashir Gusau: Ga Kabiru, in kuna son ku nuna dabarun ba tare da kwafe waƙar ba. Ekon da sunka yi amfani da shi Binson Echorec ne, na Italiya, mai faifan ƙarfe da kawuna huɗu, mafi tsawon jinkirinsa wajen milisakan 300. Kowace fedal ta eko za ta yi: sa 300, maimaici biyu zuwa ukku, a rage kaifin sama don ya yi duhu. Sukuwar bas ɗin nan da ake ji a One of These Days, bugu ɗaya ne da eko mai ƙarfi kusan daidai da na asali; mai bas shi zai bi ekon, mai dram ya bi mai bas. In mai dram ya ja gaba da nashi gudu, sai su yi ta karo. Lissafin shi ne 60,000 a raba da gudun waƙa, ya ba ka milisakan na bugu ɗaya.

Kukan tsuntsayen teku na tsakiyar Echoes fedal ɗin wah ne, mai sa jita ta yi wa-wa, da anka juya wa waya, jita ta shiga ta mafita. Ana sarrafa shi da maɓallan murya da na ton na jikin jita. Ba ya yi in akwai wata fedal tsakanin jita da wah, ko in jitar mai batir ce. Kuma shina da kaifi sosai, a rage amfilifaya rabi kafin a gwada.

Zainab Argungu: Malam, gogen fa da eko a fili, ba zai jawo kukan lasifika ba?

Malam Bashir Gusau: Zai jawo in anka sa mishi makirufo daga nesa. A kawo makirufon waƙa na yau da kullum tazarar yatsa huɗu daga fatar ƙoƙon, a yanke duk abin da ke ƙasa da 150 Hz, a ɗan rage wajen 2.5 zuwa 3 kHz inda yake da tsini. Ekon a tura shi lasifikan jama'a kawai, kada a mayar mishi a monita. Lasifikan jama'a kuma su kasance gaba da layin makirufo. Kalangu makirufo ɗaya ya ishe shi, a gefen da ake bugu, amma mai kalangu yana yawo, sai a yi mishi alama da alli a ƙasa.

Aminu Yauri: Lokacin da suke bugawa allon kada a bar shi da shuɗin hoton majigi. Ko a rufe shi da maɓallin da ke baƙanta hoto, kada a kashe, don kunnawa da hucewa suna cin minti biyu zuwa uku, ko a haska wani abu namu. Ƙungiyar Velvet Underground ta Amurka a 1966 a kan jikinsu Andy Warhol yake haska finafinansa suna bugawa. Hoton Gulbin Kebbi da safe, ko masunta da gora da homa a Matan Fada, wanda ɗayanku ya ɗauka da kansa, a rage masa gudu, ba yanka da yawa. Fitilun dandamali kuma su zo daga gefe, ja ko ruwan goro, a karkatar da su ƙasa. Fari ɗaya ya taɓa allo, hoton ya wanke.

Sadiya: Saura mutanen gari. Takarda ga mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, a sanar da Hisbah, a faɗi abin da za a yi da lokacin tashi. Wurin zaman mata daban da ƙofarsu da haske a hanyar fita. Katin gayyata ya fi buɗe ƙofa. A juya lasifika su kalli fili ko bayan makaranta, sab ɗin yana ratsa katanga fiye da yadda ake zato. Kuma wani ya yi bayanin minti uku da Hausa kafin a kunna: su wane ne, wace shekara, me ya sa babu 'yan kallo a fim ɗin, kuma a gaya wa mutane cewa akwai wurin da kiɗan zai zama kamar iska da kuka, ba lalacewa kayan suka yi ba.

Nura Jega: Madalla. Za mu bi tsarin Zainab in lasisi ya yarda a katse, in bai yarda ba mu bi na Malam. Gwaji fa, yaushe?

Baba Ɗanjuma Zuru: Daren da ya gabata, a wurin, a lokacin, da janaretan da za a yi aiki da shi, komi a kunne lokaci guda na tsawon awa ɗaya. Mai dram da mai bas su buga iya ƙarfinsu, wani ya tsaya da mita a kan akwatin wuta. In ta sauka ƙasa da volt 210, a rage fitilu ko a sake inji. A cika tanki kafin magariba, ba a zuba mai inji na aiki.

Malam Bashir Gusau: Kuma a kwafe fim ɗin a kan kwamfutar kanta, da kwafi na biyu a wata, a kashe sanarwa da sabuntawa da barcin allo. Wayar HDMI in ta wuce mita 10 tana yanke hoto, don haka kwamfuta ta zauna kusa da majigi, sautin ne za a ja da doguwar wayar XLR zuwa mikisa. Kabiru, ku fito da jitocin daga jaka minti 30 kafin a fara su sha iskar wurin, ku sake ɗaure su ana gab da tsayar da fim.